Wayar HDMI: Inda Kuɗi Ke Aiki da Inda Ba Ya Aiki

Wayar da ke ɗauko hoto da sauti daga dikoda, ko na'urar wasan bidiyo, ko kwamfuta, ta kai su talabijin, ita ce mafi ƙanƙanta cikin kayan kallo na gida, kuma a kanta aka fi tafka asara. Asarar iri biyu ce. Wani zai sayi babbar talabijin, mai shago ya ce masa irin wannan sai da waya ta musamman, ya biya ninkin-ba-ninkin abin da ya kamata. Wani kuma zai ɗauki wadda ta fi kowace araha a kan tebur, ya je gida hoto ya riƙa ɗaukewa yana dawowa, ya ɗora laifin a kan talabijin ko a kan wanda ya haɗa masa kayan. Abu ɗaya ne ya shige wa mutanen nan biyu duhu, wato yadda wayar dijital ke aiki.

Tunanin cewa waya mai tsada ta fi ba da hoto mai kyau yana da asali, kuma a da gaskiya ne. Tsohuwar wayar nan mai kai uku, rawaya da fari da ja, wadda aka saba haɗa bidiyon kaset da ita, hoton analog take ɗauka. A tsarin analog, hawa da saukar ƙarfin lantarkin da ke bin waya shi ne hoton kansa. Duk abin da ya taɓa wannan lantarki ya taɓa hoto. Idan wayar ta cika tsawo, hoto ya dusashe. Idan ba ta da rufi mai kyau, ta kwashi hayaniyar wasu na'urori, a ga layuka suna yawo a allo ko inuwa tana bin mutum. Don haka waya mai inganci takan ɗan fi ta banza, wadda ta fi ta kuma ta ƙara fi. Haka abin yake da wayar VGA ta kwamfuta mai haƙora 15, wadda kamfanin IBM ya fito da ita a 1987, da wayar SCART mai haƙora 21 da ta yaɗu a Turai, da kuma mai kai kore da shuɗi da ja da ta zo tare da na'urorin DVD.

Dijital ba haka yake ba. Abin da ke bin wayar lambobi ne, sifiri da ɗaya, kuma aikin talabijin shi ne ta tantance kowace lamba da ta iso. Misalin abin kamar lambar katin waya ne. Ko a takarda mai ƙyalli aka rubuta ta, ko a bayan kwalin sigari da gawayi, muddin ana iya karanta lambobin, kuɗin da zai shiga ɗaya ne. Kyan takarda ba ya ƙara ko kwabo. Amma idan lamba ɗaya ta goge, kati ya ƙi shiga gaba ɗaya. Haka wayar dijital take. Idan lambobin sun isa lafiya, hoton da waya mai araha ta kawo da wanda mai tsada ta kawo ba su da bambanci ko na ɗigo ɗaya. Ja ba zai ƙara ja ba, baƙi ba zai ƙara duhu ba, fuskar ɗan wasa ba za ta ƙara fitowa ba. Idan kuwa wayar ta gaza, gazawar ba ta ɓuya. Za a ga fararen ɗige-ɗige suna ƙyalƙyali kamar taurari, ko layi ya gifta, ko allo ya yi baƙi na sakan biyu ya dawo, ko sauti ya riƙa yankewa, ko talabijin ta rubuta cewa babu sigina. Masana harkar suna kwatanta wannan da bakin rami: ana tafiya lafiya lau har a zo gaɓa, sai a rufta.

Saboda haka tambayar da ta dace mai saye ya yi ita ce: wannan waya za ta iya ɗaukar yawan lambobin da na'urorinsa ke turawa, a tsawon da yake buƙata? Duk sauran bayani daga wannan tambaya yake fitowa.

Wayar da ta mamaye wannan fage ita ce HDMI. Kamfanoni bakwai ne suka haɗu suka tsara ta: Hitachi, da Matsushita wanda yanzu ake kira Panasonic, da Philips, da Silicon Image, da Sony, da Thomson, da Toshiba. An fitar da ƙa'idarta ta farko a watan Disamban 2002. Kafin ita akwai DVI, wadda ta fito a 1999 don kwamfuta, amma hoto kawai aka tsara ta ta ɗauka, kanta kuma ƙato ne mai noti biyu. HDMI ta ɗauki tsarin hoton DVI, ta ƙara sauti, ta ƙanƙance kai. Kan da aka saba gani a bayan talabijin yana da haƙora 19. A cikin wayar akwai tagwayen zaren jan ƙarfe guda huɗu da aka murɗa bibbiyu, su ne ke ɗaukar babban kaya. Sauran zarurrukan ƙananan ayyuka suke yi: ɗaya yana ɗauke da wuta mai ƙarfin bolt 5, wasu biyu su ne hanyar da talabijin ke gaya wa dikoda irin hoton da za ta iya nunawa, wani kuma shi ke sa rimot ɗaya ya sarrafa na'urori da yawa. Wannan na ƙarshe kowane kamfani ya raɗa masa suna: Samsung na ce masa Anynet+, LG na ce masa SimpLink, Sony kuma Bravia Sync. Duk abu ɗaya ne, kuma kowace wayar HDMI ta gaske tana da shi, ba a biyan ƙari a kansa.

Ƙa'idar ta yi ta hawa da shekaru. Ta farko tana ɗaukar kusan gigabit 5 a sakan ɗaya. Ta 1.3, a 2006, ta kai gigabit 10.2. Ta 1.4, a 2009, ta kawo hoton 4K mai firam 30 a sakan, wato wanda ke sauyawa sau 30 a sakan, da hanyar mayar da sauti daga talabijin zuwa sifika. Ta 2.0, a 2013, ta kai gigabit 18. Ta 2.1, a 2017, ta yi tsalle zuwa 48. A farkon 2025 aka sanar da ta 2.2 mai gigabit 96. A nan ne ruɗani ke shigowa kasuwa, domin waɗannan lambobi na na'urori ne, ba na waya ba. Waya ba ta da ƙwaƙwalwa, ba ta san 1.4 ko 2.0 ba, bututu ce kawai mai iyakar abin da zai iya wucewa ta cikinta. Tun a 2010 hukumar da ke ba da lasisin HDMI ta hana a riƙa tallar waya da lambar ƙa'ida. Kwalin da aka cika da manyan baƙaƙe ana cewa 2.0 ko 2.1, ba tare da sunan ajin wayar ba, ya riga ya nuna cewa mai shi bai damu da bin doka ba.

Azuzuwan waya na hukuma, waɗanda ake rubuta sunansu da Turanci a jikin kwali kuma sau da yawa a jikin wayar kanta, huɗu ne aka fi cin karo da su. Na ƙasa shi ne Standard, wanda aka gwada don hoton 720p da 1080i. Ya tsufa, kuma tazarar kuɗinsa da na sama da shi ba ta kai a tsaya a kansa ba. Sai High Speed, mai gigabit 10.2, wanda ke ɗaukar cikakken 1080p har da 4K mai firam 30. Sai Premium High Speed, mai gigabit 18, wanda aka fara ba da shaidarsa a 2015. Sai Ultra High Speed, mai gigabit 48, wanda shaidarsa ta fara a 2020. Na 96 ɗin da aka sa wa suna Ultra96 sabo ne fil, kuma da wuya a sami gidan da ke da abin da zai cika shi.

Ɗan lissafi zai nuna wanda ya dace da wa. Hoton 1080p yana da ɗigo 1,920 a kwance da 1,080 a tsaye, wato ɗigo miliyan biyu da 'yan kai. Idan ana sauya shi sau 60 a sakan, abin da ke bin waya bai kai gigabit 4.5 ba. Hoton 4K yana da ɗigo 3,840 a kwance da 2,160 a tsaye, ninki huɗu ke nan, sama da miliyan takwas. A firam 60 da cikakken launi yana cin gigabit 17.8, ya kusa cika bututun 18 maƙil. Idan aka kai shi firam 120 da launi mai zurfi, sai ya doshi gigabit 40.

To, me yawancin gidaje ke kallo? Tashoshin tauraron ɗan'adam masu tambarin HD galibinsu 1080i ne ko 720p, kuma a ƙasashen da wutar lantarkinsu ke juyi 50 a sakan, irin Najeriya da Nijar da ƙasashen Turai, shirye-shiryen talabijin ma a kan 50 suke tafiya. Wannan kaya ne marar nauyi. Wayar High Speed ta gama da shi ba tare da ta yi gumi ba, hasali ma wadda ta zo a cikin kwalin dikoda ta wadatar. Talabijin ɗin ko da ta 4K ce, ba za ta karɓi fiye da abin da dikoda ya turo ba, don haka saya wa irin wannan dikoda waya mai gigabit 48 tamkar shimfiɗa titi mai layi takwas ne don amalanke ɗaya. Wanda yake da na'urar da ke fitar da 4K na gaske, kamar Apple TV 4K, ko akwatin kallo ta intanet, ko na'urar faifan Blu-ray ta 4K, musamman mai tsarin hasken nan da ake kira HDR, shi ne ke buƙatar Premium High Speed. Ultra High Speed kuwa ta masu wasan bidiyo ce da ke son 4K a firam 120. Su ma ɗin sau da yawa ba sai sun saya ba, domin PlayStation 5 da Xbox Series X, da suka fito a Nuwamban 2020, kowace tana zuwa da wayar da ta dace da ita a cikin kwali. Akwai ma wanda ba ya buƙatar waya sam: idan Netflix ko YouTube a cikin talabijin ɗin suke, hoton bai bi ta kowace waya ba balle a inganta ta.

Wannan ba ya nufin duk waya ɗaya ce. Karin maganar nan da ke cewa araha ba ta ado tana da gurbinta a nan, sai dai ba a wajen kyan hoto ba, a wajen gaskiyar abin da aka rubuta. Kasuwannin kayan lantarki, daga Alaba a Legas zuwa Sabon Gari a Kano, har da shagunan intanet, cike suke da wayoyin da aka buga wa 4K ko 8K alhali ba wanda ya taɓa gwada su. Buga rubutu a leda ba ya cin kuɗi. Don maganin wannan ne aka fito da takardar shaida ga azuzuwa biyu na sama. Wayar Premium ko Ultra ta gaske tana da wani tambari a jikin kwali mai ɗauke da hoton nan mai ƙyalli da lambar QR, kuma akwai manhajar hukuma ta wayar salula da ake haska shi da ita, ta nuna sunan kamfani da samfurin waya da tsawonta. Tsawon yana da muhimmanci, domin kowane tsawo gwajinsa daban. Idan manhaja ta ce mita 2 aka gwada, wayar da ke hannu kuma mita 5 ce, an yi aringizo. Abin daɗin shi ne wayoyi masu wannan shaida ba lallai su yi tsada ba. Akwai kamfanoni da dama da ke sayar da su a farashi mai sauƙi, kuma mai shaida ta araha da mai shaida ta tsada jarrabawa ɗaya suka ci.

Inda kuɗi ke fara aiki da gaske shi ne tsawo. A mita ɗaya ko biyu, kusan kowace waya da aka ƙera da gaskiya za ta yi. Amma lantarki mai saurin gaske yana raunana yayin da yake tafiya cikin jan ƙarfe, kuma iya yawan lambobin, iya gajartar tafiyar da za su yi lafiya. Wayar da ta kai 1080p mita 10 ba tare da matsala ba tana iya gazawa da 4K a wannan tsawon. Waya mai gigabit 48 ta jan ƙarfe zalla ba ta cika wuce mita 3 zuwa 5 ba. Kaurin zaren ciki shi ke taimakawa, kuma ana auna shi da wani ma'aunin Amurka da ake rubutawa AWG, wanda lissafinsa a juye yake: ƙaramar lamba ita ce zare mai kauri. Zare mai lamba 28 ko 30 siriri ne, ya dace da gajeriyar waya. Mai lamba 24 ya fi kauri, shi ake so idan za a kai mita 10 zuwa 15. Sai dai kaurin roba ba kaurin zare ba ne. Wasu masu jabu sukan lafta roba a kan zare kamar gashi don waya ta yi nauyi a hannu. Wasu kuma sukan yi zaren da alminiyam ko baƙin ƙarfe su shafa masa jan ƙarfe a sama. Irin wannan zare ba ya ɗaukar lantarki kamar jan ƙarfe na gaske, kuma na alminiyam yana saurin karyewa idan ana lanƙwasa shi. Maganaɗisu yakan tona asirin na baƙin ƙarfe idan ya kama tsakiyar waya, amma ba ya kama alminiyam, don haka ba gwaji ne da za a dogara da shi kaɗai ba.

Ƙa'ida mai sauƙi ita ce a auna tazara da igiya ko tef kafin a tafi kasuwa, a ƙara ɗan rara na lanƙwasa, a tsaya nan. Mutane da yawa sukan sayi mita 5 don tazarar mita ɗaya wai ko za a buƙata wata rana, su naɗe ragowar a bayan talabijin. An biya ƙarin kuɗi ke nan don a sayo ƙarin haɗari. Haɗa gajeru biyu da mahaɗi shi ma yana rage ƙarfin sigina, gara guda ɗaya mai tsawon da ake so.

Wanda zai rataye majigi a silin, ko mai gidan kallon ƙwallo da ke raba hoton dikoda ɗaya zuwa talabijin uku ko huɗu a kusurwoyin zaure, shi ne ke fuskantar matsalar tsawo gadan-gadan. A nan akwai hanyoyi uku. Ta farko waya ce mai ɗan ƙaramin injin ƙarfafa sigina a cikin kanta. Ta biyu waya ce da ke mayar da lambobin haske, ta tura su ta zaren gilashi, ta sake mayar da su lantarki a ɗaya kan. Wannan siririya ce, tana kai mita 30, 50 har fiye, kuma farashinta ya sauko sosai a 'yan shekarun nan. Dukansu biyu suna da gaba da baya: kai ɗaya an rubuta masa Source, na na'urar da hoto ke fitowa, ɗayan an rubuta masa Display ko TV. Idan aka juya su, ba abin da zai fito, kuma babu takaicin da ya kai a gano haka bayan an rufe silin. Hanya ta uku ita ce akwatuna biyu da ke tura hoton ta wayar haɗa kwamfutoci, wato Cat6. Sanannen tsari a nan shi ne HDBaseT, wanda ya fito a 2010, yana kai mita 100. Wayar Cat6 tana da araha, kuma idan ɓera ya ci ta, mai haɗa intanet na unguwa zai iya yanka wata ya matse mata kai, abin da ba a iya yi wa HDMI cikin sauƙi. Ga mai gidan kallo, na'urar raba hoto ita ma a nemi mai tata wutar, domin wadda ke dogara da ɗan bolt 5 na cikin waya takan gaza idan talabijin suka yi yawa.

Mai ginin da zai binne waya a bango, abin da ya fi saya masa kwanciyar hankali ba waya mai tsada ba ce, fayif ne mai faɗi da zai bari kan HDMI ya wuce, a bar igiyar ja a ciki. Ƙa'idar HDMI ta sauya sau da dama cikin shekara ashirin da 'yan kai, za ta kuma sake sauyawa. Zare tsohuwa a zura sabuwa ya fi fasa filasta.

Akwai kuma abubuwan da ake tallatawa waɗanda ba su taɓa hoto. Ruwan zinare a kan waya yana hana tsatsa, wannan gaskiya ne, kuma yana da ɗan amfani a wuri mai laima kamar bakin teku. Amma shafe ne siriri ƙwarai, har wayoyi masu araha suna da shi, kuma ba ya ƙara wa lamba ɗaya daraja. Saƙar zare a bayan waya tana kare ta daga gogewa idan ana yawan cirewa da mayarwa, amma wadda za ta zauna a bayan talabijin shekara biyar ba ta buƙatar riga. Zancen jan ƙarfen da aka tace, ko azurfa da aka zuba, ko wani sirri da ke sa sauti ya yi zaƙi, duk gado ne daga zamanin analog. Dalilin da ya sa ake matsa wa mai saye da irin waɗannan ba ɓoyayye ba ne. Gasa ta sa ribar da ke kan talabijin kanta kaɗan ce, kowa na iya zagaya shaguna ya ji farashi. Ribar tana kan ƙananan kayan da ake ƙarawa a ƙarshen ciniki, lokacin da mutum ya riga ya ƙirga maƙudan kuɗi, ƙarin da za a ce ya yi kuma ya zama kamar ba komai ba a idonsa.

Ɓangaren sauti yana da nasa ɗan bayani. Idan akwai doguwar sifikar nan da ake ajiyewa ƙarƙashin talabijin, ko amfilifaya mai sifiku biyar da ta ƙasa, hanya mafi sauƙi ita ce ramin HDMI da aka rubuta wa ARC, wanda ke mayar da sauti daga talabijin zuwa sifika ta waya guda. Wayar High Speed ta isa wannan. Sabon salonsa, eARC, da ya zo da ƙa'idar 2.1, yana ɗaukar sauti mai nauyi irin Dolby TrueHD. Wani abin mamaki a nan shi ne, a 2009 an ƙara wa HDMI hanyar ɗaukar intanet, aka riƙa rubuta with Ethernet a jikin wayoyi, amma kusan babu na'urar gida da ta yi amfani da ita. Daga baya sai eARC ya gaji waɗancan tagwayen zaren. Don haka rubutun da ya shekara da shekaru ba shi da amfani, yanzu shi mai eARC zai duba, ko kuma ya ɗauki Ultra High Speed wadda dama tana da shi. Tsohuwar wayar haske ta sauti, TOSLINK, da Toshiba ya ƙirƙiro a 1983, har yanzu tana aiki, tana ɗaukar Dolby Digital mai sifiku biyar da ta ƙasa, amma ba ta iya ɗaukar manyan nau'o'in nan na zamani. Ita ma ta roba mai araha ta wadatar a tazarar falo.

Haɗa sabo da tsoho wuri ne da ake yawan cutar mutane. DVI da HDMI harshe ɗaya suke yi a wajen hoto, don haka ɗan mahaɗi marar wuta ya isa, sai dai galibi a nemi wa sauti wata hanya. Kwamfutoci da yawa suna da DisplayPort, wanda ƙungiyar VESA ta fitar a 2006, ko USB-C, kuma ana samun wayar da ke kai su HDMI, amma ba kowane ramin USB-C ne ke fitar da hoto ba, musamman a wayoyin salula masu sauƙin kuɗi. Wadda ya kamata a guje wa ita ce wayar nan mai kan HDMI a gefe guda da kai uku masu launi a ɗaya gefen, ba tare da wani akwati a tsakani ba. Dijital ba ya zama analog da zare kawai, sai da na'urar da ke fassarawa. Akwatin da ke wannan aiki yana nan, yana buƙatar wuta, kuma shi ma yana da gaba da baya. Ko da shi, hoton tsohon kaset ba zai koma HD ba don an bi da shi ta HDMI, ramin shiga kawai aka sauya masa.

Ba kuma duk matsala ce laifin waya ba. Akwai tsarin hana satar fasaha da kamfanin Intel ya tsara, mai suna HDCP, wanda ke sa na'urori su gaisa su tantance juna kafin hoto ya fito. Fina-finan 4K suna neman samfurinsa na 2.2 ko sama. Idan akwai tsohuwar amfilifaya ko na'urar raba hoto a tsakani da ba ta san shi ba, allo zai yi baƙi ko hoton ya sauko zuwa 1080p, kuma ko wayar zinare zalla aka kawo ba za ta gyara ba. Haka nan ramukan bayan talabijin ba duka ƙarfinsu ɗaya ba. A talabijin mai rami huɗu, sau da yawa ɗaya ko biyu ne kawai ke karɓar firam 120, kuma an rubuta a gefensu. Wasu talabijin ma sai an shiga saiti an buɗe wa ramin cikakken ƙarfinsa: Samsung na kiran wurin Input Signal Plus, LG na ce masa HDMI Ultra HD Deep Colour, Sony kuma Enhanced format. Kafin a koma kasuwa neman wata waya, ya kamata a gwada wani rami, a duba saiti, a kashe komai daga soket a sake kunnawa.

Gwajin sabuwar waya ba ya buƙatar injiniya, gani ya kori ji. A haɗa ta, a sa na'urar a kan hoto mafi nauyi da za a riƙa kallo, 4K da HDR idan akwai, a zauna minti ashirin ko talatin ana lura da wurare masu duhu a allo, inda fararen ɗigon nan suka fi fitowa. A ɗan motsa kan wayar a ga ko hoto zai ɗauke. Idan ta wuce wannan, ta gama aikinta, babu wata da za ta fi ta. Shi ya sa yarjejeniya da mai shago cewa za a dawo da ita idan ta gaza ta fi duk wani rubutu da ke kan kwali daraja. Doguwar waya kuwa a shimfiɗe a ƙasa ake gwada ta, kafin a hau tsani.

Abin da ya fi kashe wayar HDMI shi ne wuya, wato inda kai ya haɗu da jiki. Kan ba shi da makulli, kuma waya mai kauri da nauyi tana rinjayar ramin talabijin har ya saki, musamman wadda aka manna a bango aka lanƙwasa wayar da ƙarfi. Ɗan mahaɗi mai kusurwa, ko ɗaure wayar a jikin ƙarfen rataya don ta daina lilo, yana maganin wannan, kuma gyaran ramin da ya karye ya ninka kuɗin waya sau da yawa. Ƙurar hunturu ma takan taru a ramukan da ba a amfani da su, a rufe su ko a riƙa hure su. Sai babban haɗari na damina. Kwandon tauraron ɗan'adam yana kan rufi, wayarsa ta shigo dikoda, dikoda kuma yana haɗe da talabijin ta HDMI. Idan aradu ta faɗi kusa, wutar da ta biyo wayar kwando takan bi ta HDMI ta ƙone ramin talabijin, wani lokaci har da allon cikinta, ko da an kashe soket. A gidajen da wayarin ɗinsu ba shi da wayar ƙasa, ko ake sauyawa tsakanin wutar gari da janareta, jikin na'urori yakan ɗauki ɗan lantarki, shi ne tartsatsin da ake gani idan ana cusa waya. Don haka a kashe na'urorin biyu kafin a haɗa su ko a raba su, idan hadari ya taso kuma a zare wayar kwando daga bayan dikoda tare da fulogin wuta.